Fentin da Aka Yi wa Baraka

Ƙanƙara,
Lahadi, 23 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da sanyin Ingila da kake kuka da shi a kowace wasiƙa. Allah Ya ba ka sa'a, Ya tsare maka imaninka da cikinka daga abincinsu, Ya dawo mana da kai lafiya a watan Yuli kamar yadda ka alkawarta, amin. Wasiƙarka ta iso tare da hoton da ka ɗauka cikin babbar kwat. Dada ta juya hoton sama da ƙasa, ta ce ko dai ba a ba ka abinci, ko kuma rigar ta wani ce ka aro.

Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Gwiwar Dada na nan yadda ka bar ta, tana ciwo in za a je asibiti, tana warkewa in za a je biki. Dawar gonar 'Yargoje ta yi kyau, an cika rumbu biyu, auduga ma ba laifi. Garin kuwa ba lallai ka gane shi ba. Kowa ya yaye rufin soro ya ɗora kwano, da rana ka ce a cikin tanda muke, amma ba mai cewa uffan, tunda zafin arziki ne. Baffa Alhaji Mamuda ya sake sabuwar Fijo, ya kuma sami kwangilar gina azuzuwan firamare daga Faskari har Sabuwa. Ni kuma ofishin ilimi na Funtuwa ya ɗora mini aikin bin waɗannan azuzuwa ina dubawa, don haka shi yana ginawa, ni ina bin bayansa da littafi ina ƙirga tsagar bango. Ka ga zumunci ya ƙara ƙarfi ke nan. Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Maganar Yaya Lawwali ce, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka fara neman wanda za ka ɗora wa laifi, don na riga na samo maka shi.

Ka tuna yadda ya dawo daga yaƙi shekara bakwai da suka wuce, kofur ɗin soja ba ko ƙwarzane a jikinsa, amma ba ya iya zama a inda aka rufe ƙofa, in tifa ta yi tari a kan titi sai ka gan shi kwance rubda ciki. Ka kuma tuna kwalin da ka aiko masa a shekararka ta farko a can, mai hoton tankar yaƙi a bayansa, cike da gutsattsarin roba da ake haɗawa. Na san da tsokana ka aiko shi, irin ta ƙane da wa. To, tsokanarka ta yi abin da rubutun sha da hayaƙin malamai uku ba su yi ba. Ya zauna ya haɗa, ya nemi wani, ka yi ta aikowa, har suka kai goma sha huɗu, jere a kan tsohon ƙyauren da ya ɗora bisa garwa biyu a ɗakinsa. Kai kwalaye kawai ka sani, ba ka taɓa ganin abin da suke zama a hannunsa ba, shi ya sa zan gaya maka, ko ka gane girman ɓarnar.

Da hantsi yake farawa, in haske ya shigo ta taga. Yakan yanke kowane guntu da reza, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗauka da matsefata, ya ɗiga gam da tsinken tsintsiya. Sarƙar ƙafar tanka ɗaya takan ci masa mako biyu, don ɗaya bayan ɗaya yake jera ta. Kowace tanka ba ta wuce tafin hannu da yatsu ba, ya ce sai an jera talatin da biyar irinta kafin a kai tsawon ta gaske. 'Yan sojojin roba da ke zuwa cikin kwalin kuwa, Liman ya duba ya ce tanka ba ta da rai, ba laifi, amma mutum-mutumi a fitar da su, sai Yaya ya naɗe su a farin ƙyalle ya sa a gwangwani. Haɗawar ma ba ita ce aikin ba, fentin ne. In ya gama shafa ɗan fentin nan marar ƙyalli da kake aikowa, sai ya shiga ɓata abin da ya gyara. Yakan niƙa jar ƙasa da farar ƙasarmu ta Ƙanƙara da baƙin gindin tukunya, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya ɗauki buroshin da ya yi da gashin jelar akuya, wanda bai fi sili biyar ba, ya sa tsatsa a gindin kowace ƙusa, ya sa gurbin takalmi a inda ake takawa a hau, ya sa zirin baƙin mai a inda mai ke yoyo. Na taɓa ce masa shi kaɗai ne a ƙasar nan, a wannan zamani da kowa ke neman abu ya yi sheƙi, yake wata uku yana wahalar mayar da sabo tsoho. Ya ce ai sabuwar tanka ƙarya ce, ba wanda ya taɓa zama a cikinta. Matarsa Fatsuma kuwa cewa take warin gam ɗin nan ya fi mata turaren wuta, don in ta ji shi ta san maigida na nan cikin hankalinsa.

A cikinsu akwai ɗaya da ya ware. Ita ce wadda ka sha wahalar nema, irin motar sulken da ya yi yaƙi a ciki, mai taya shida da igwa a ka, ko da yake a gidan nan duk tanka ake ce musu. Baraka yake kiranta, ya kuma rubuta sunan a gefenta da farin fenti, ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Haɗa ta bai ɗauke shi wata biyu ba, amma taɓon da ke jikin tayoyinta shekara uku ya yi yana nema. Ya ce taɓon kudu ja ne, amma ba jan namu ba, yana da wani duhu kamar hanta. Ya ɗebo ƙasa daga Faskari, ya ɗebo daga bakin rafin Sabuwa, ya shafa ya kankare, ya shafa ya kankare. Da daminar bara ya samo wata a wani kududdufi bayan 'Yargoje, ya haɗa da ɗan baƙin tukunya, ya kira ni da kansa ya nuna mini, ya ce wannan ne. Ni dai laka na gani, amma ranar na ji ya yi dariya.

Sai Baffa ya ga arziki ya zo, bai kamata a ce ɗan wansa, ƙato da gemu, yana zaune a ɗaki yana wasan 'yar tsana ba. Ya ce abin da ya rage a jikinsa sai ɗakin Allah, ya biya masa kujerar Makka. Wannan ba wanda zai ce ba alheri ba ne, Yaya ma ya yi murna. Ranar tafiya ya ja ni gefe a zaure ya damƙa mini makullin ɗakinsa, ya ce duk gidan ni ce na san abin da ke ciki, kada in bar kowa ya shiga, ko shara kada a yi. Na ce ya tafi da kwanciyar rai. Na faɗa da irin muryar da nake yi wa hedimastoci magana, ka san ta.

Ka san al'adarmu in alhaji zai dawo: a yi wa gida farar ƙasa, a yi daɓe, a zana jirgin sama a bangon zaure don kada mai wucewa ya yi zaton da ƙafa aka je. Baffa ya ɗauko Nata'ala daga Funtuwa, mai yi wa manyan motoci fenti da rubutu. Ana saura mako guda Dada ta nemi makulli a wurina, ta ce ba za a gyara ko'ina a bar ɗakin mai dawowar ba. Ina sauri zan tafi duba makarantu a Faskari, direba na ta danna oda, sai na miƙa mata, na ce a yi bango kawai, kayan kan ƙyaure a bar su. Ban gaya mata dalili ba. Na ɗauka ba za ta gane ba, kuma gaskiya na ji ƙyuyar bayani. Shekara uku na yi a jami'a a Zariya, na ƙara guda ana koya mini yadda ake fahimtar da ɗan shekara shida, amma na kasa tsayawa in gaya wa uwata jimla ɗaya: dattin nan da gangan ne. Ga mai laifin da na ce na samo maka.

Dada kuwa, kai ma ka san tsakaninta da ɗan fari. Shekara talatin da shida ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai wancan, ko mai ɗakin kudu. Ba ta zama inda yake, ba ta tambayarsa ya kwana, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Mu da muka biyo baya mun sha goyo da zagi da shagwaɓa, shi ko zagin bai samu ba, kunya ta cinye. Duk abin da za ta yi masa sai ba ya nan take yi, shi ya sa tun yana yaro yakan tarar da fura a ɗaki ba a san wanda ya ajiye ba. Daga baya ta gaya mini, tana kallon ƙasa, cewa shekara huɗu tana hango abubuwan nan ta taga in za ta wuce madafa, duk tsatsa da laka, tana jin zafi a ranta cewa wanga bawan Allah ya rasa fenti mai kyau ne, ga shi ba mai roƙo ba, ita kuma ba bakin tambaya. Da ta ga ɗakin ya yi fari tas, abubuwan suna zaune a tsakiya kamar an tono su daga juji, ga baƙi za su cika ɗakin yi wa alhaji barka, sai ta kira Nata'ala. Ta ba shi tunkiyarta, wadda take ji da ita, ta ce ya yi musu aikin da bai taɓa yi wa motar kowa ba.

Kuma ya yi, Allah Ya sani bai ha'ince ta ba. Da na dawo ana gobe saukar jirgi, Nata'ala da kansa ya ja ni in gani, yana ta washe baki, yana cewa Malama ta zo ta ba da maki. Goma sha huɗun nan duka sun sha fentin mai, kore shar da rawaya da ja, suna ƙyalli kamar kwanonin jeren amarya. Ya yi wa wasu furanni, ya yi wa wata idanu da gira a gaba, ya zagaye bakin igwa da ruwan zinariya. Ya ce mini tsatsar ta ba shi wuya, sai da ya sa buroshin waya, laka kuwa ta kama kamar da gangan aka liƙa ta, ko wane mugu ne ya bar kayan alhaji a ruwa oho. Baraka ya fi yi wa ado, don ya ga ita ce a gaba. Ya shafe sunan, ya ce rubutun ƙanana ne, ba mai gani, ya rubuta mata A SAUKA LAFIYA a gefe, kamar motar Legas. Na ɗauki wata ta baya na gwada gogewa da kananzir, sabon fentin ya tashi, na ƙasa ya biyo shi, robar ta yi fari ta dusashe. Na ajiye. An yi gyaran gangar Auzinawa, ni kuma ina neman ƙara mata wani. Washegari na bi ayarin motoci har filin jirgi na Kano, na zauna kusa da Yaya tun daga can har gida, ina da sa'o'i huɗu na faɗa masa, na ɓatar da su wajen tambayar yadda Arfa take.

Ya sauka da farar jallabiya da haƙorin Makka da Baffa ya matsa aka sa masa, ana guɗa, ana rabon dabino da zamzam. Ya durƙusa ya gaida Dada, ta amsa wa bango, tana jiran ya shiga ɗakinsa ya gani. Ya shiga. Ina bayansa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗauki Baraka, fentin bai gama bushewa ba, ya kama masa yatsu. Ya karanta rubutun, ya mayar da ita daidai inda take, ya shafa hannunsa a gaban jallabiyar, koren ya zauna a kai. Bai dube ni ba. Ya juya wajen ƙofa, inda ya san Dada na raɓe, ya ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe har tsawon mako biyar.

Yana salla, yana cin loma biyu in Fatsuma ta tsaya a kansa, sauran lokaci yana zaune ya ba ƙyauren baya. Tsohon abin ya dawo. Ranar da aka tayar da sabon injin wutar Baffa, a ƙarƙashin gado aka same shi. Mako biyu da suka wuce kuma ya fita tun da safe, aka neme shi aka rasa, sai wajen azahar masu lambu suka zo suka ce ga alhajinku can a fadama, tsaye cikin taɓo har gwiwa, ba ya gaba ba ya baya, ya ƙura wa wuri ɗaya ido. Garin duka ya gani. Wannan ne Baffa ya kasa haɗiyewa. Ya tara mu ya ce shi ya yi iyakar yinsa, ya kai yaro gaban Ka'aba abin bai sake shi ba, saura wani mai magani da ke wani ƙauye bayan Damari, kuma da zarar watan Maulidi ya kama zai sa shi a mota. Tankokin kuma a ƙone, don a cikinsu abin yake zaune. Na ce akwai likitocin wannan ciwo a Kaduna. Ya dube ni ya ce Malama mai digiri, shi a saninsa tarihi aka tura ni karantawa, yaushe aka ƙara mini da likitanci? Ya ce asibiti na mai gudawa ne da mai karaya, kuma in ina da sauran ilimi in je in ƙirga tsagar bango, tunda ita na iya.

Yaya Maharazu, na san gidan nan na bayan Damari. Akwai aji biyu da Baffa ya gina kusa da shi, na je dubawa bara, na leƙa ta kan danga. Na ga maza a turu, ƙafa cikin gungumen icce, wasu da mari, ana banka musu hayaƙi, mai bulala na zaune a inuwa yana cin rake. Mutumin da ba ya iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa, shi za a sa wa ƙafa a icce. Zai mutu a can, ko ya dawo da abin da ya fi mutuwa. Fatsuma ta yi kuka, aka ce mace ce. Na juya wajen Dada, ita kaɗai Baffa ke jin nauyi, na ce ta yi magana. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce ɗansu ne, su yi yadda suka ga ya dace. Ka ji uwa da kunyar ɗan fari: ta iya ba da tunkiyarta dominsa, amma ba ta iya buɗe baki a gaban ƙanen mijinta ta ce a bar mata ɗanta.

Jiya Asabar da hantsi na shiga ɗakin Yaya. Ban je da wata dabara ba, na je ne in faɗa masa cewa ni na ba da makulli, don har lokacin ba wanda ya gaya masa. Na faɗa, bai motsa ba. Na ɗauki Baraka ina juyawa, don in sami abin yi da hannuna, sai na ce, ni da kaina nake magana, Nata'ala bai bar ko'ina ba sai inda buroshinsa bai kai ba. Sai na ji ya juyo. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya ɗauki rezarsa ya bi gefen ɗan murfin da ke saman igwa, wanda ya liƙe da gam tun shekara uku, a hankali, har ya ɓalle. Ya kai ta bakin taga ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, da wata murya kamar ta mai mura, ba su shiga ba. Ya miƙo mini in duba. Ashe ya yi wa cikin fenti duka kafin ya rufe, wurin da ba ido zai taɓa gani ba: kujeru uku, biyu sun lotsa da zama, ga wata 'yar buta da ya sassaƙa da ƙwallon dabino, ga carbi na zare mai ƙulli talatin da uku rataye kusa da sitiyari.

A nan ya gaya mini abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma ya ce in gaya maka. Su uku ne a motar: shi mai harba igwa, da Saje Abdulƙarim, da direbansu Gide, ɗan Sabuwa, wanda ya sa wa motar sunan uwarsa Baraka. Motar ta kafe a taɓo a bakin wani rafi, Saje ya ce wa Yaya ya sauka ya duba tayoyin. Yana tsaye cikin taɓo har gwiwa, yana kallon taya, aka harbo motar. Murfin ya ƙi buɗuwa. Ya ce ya ji su, kuma ba a fitar da su ba, ba a yi musu wanka ba, ba a yi musu salla ba, aka ce a ja da baya. Butar ta Saje ce, carbin na Gide. Ya ce abu na ƙarshe da ya gani kafin ƙarar shi ne launin taɓon nan a jikin taya, kuma ya ji in ya samo shi daidai, ya san inda ya bar su. Ranar fadama ma ba hauka ya kai shi ba, launin ya je nema, ya tarar ya ɓace masa a kai, duk inda ya duba kore yake gani. Daga nan ya mayar da murfin ya riƙe da yatsa. Na garzaya na gaya wa Baffa cewa Yaya ya yi magana. Ya tambaye ni da wa, na ce da ni, a kan motar. Ya ce to ai ga shi nan, mutum ya ƙi yi wa baffansa magana sai a kan abin wasa, wace shaida kuma ake nema?

Don haka ga abin da nake roƙo. Watan Maulidi saura mako huɗu, wannan takarda kuma za ta ci biyu a hanya in gidan waya ya ga dama. Ranar da ta same ka, kada ka zauna rubuta amsa mai tsawo da Turancin tausayi. Ka je ka bugo wa Baffa telgiram, da sunansa da alhajinsa, ka ce A DAKATA SAI NA DAWO. Kai ne injiniyan da yake jira ya rubuta sunanka a allon kamfaninsa, ba zai so ɓata maka ba. Kalma biyar daga namiji a Ingila sun fi digirina nauyi, na auna na gani, kuma yanzu ba lokacin jin haushin ma'auni ba ne. In ka dawo mu kai shi Kaduna tare. An ce zumunta a ƙafa take, to taka ƙafar ta yi nisa, ka aiko ta ta waya. Bayan haka ka sa ɗan fentin nan marar ƙyalli a kwali, kore mai duhu da ruwan ƙasa, da gam. Amma kada ka aiko sabuwar mota irin Baraka, na san zuciyarka za ta ba ka haka. Ba sabuwa ya rasa ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Da na fito daga ɗakinsa jiya na tarar da Dada a bayan taga, da tsintsiya a hannu, tana sharar wurin da ba datti. Ta ji duka. Bayan azahar aka neme ta aka rasa, sai ga ta da la'asar sakaliya ta sauko daga motar kasuwa, ita da gwiwar da ba ta kai ta asibiti, da ƙulli a bakin zane. 'Yargoje ta je. Ta tambayi masu gona kududdufin da wancan ke ɗibar ƙasa, ta sa aka fasa mata busasshen taɓon. Ta daka shi a turmi, ta tankaɗe da rariyar garin tuwo har sau biyu, ta zuba a kwanon da take ba baƙi fura, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofarsa ta wuce. Ba ta yi sallama ba, ba ta kama sunansa ba. Ban sani ba ko ƙasar ce daidai, ban kuma sani ba ko zai iya sake ganin launin.

Dada tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci ka mayar wa mai riga rigarsa. Fatsuma tana gaisuwa, ta ce ka sa su a addu'a. Goggo Hajaratu da Suwaibatu da mutanen 'Yargoje duk suna gaishe ka, maigidana ma haka. Ka gaida Malam Ɗanliti abokin zamanka, ka ce mun gode da kula da kai. Yaya Lawwali bai ba da saƙo ba. Sai dai yau da safe da na wuce, kwanon ba ya bakin ƙofa, faifan kawai aka jingine a bango. Ban leƙa ba, don na daina riƙe makullin kowa. Ka bugo wayar, Yaya.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Saudatu